Rumfar Keke a Jikin Bangon Firamare

Asabar

Yau mai unguwa ya amince ya ba mu rumfar da ke jikin bangon firamare, wadda mai itace ya tashi ya bari tun bara. Sharaɗinsa biyu: a rufe lokacin sallah, kuma kada ya ga yaro ko ɗaya a wurin bayan magariba. Muka ce, ranka ya daɗe, an gama.

Maganar ta samo asali ne tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 sai ta haura 600. Babura suka koma zaure, kekunan da suka yi shekaru a rataye a ɗakin ajiya suka sauko. Malamin makaranta, masinja, mai gadi, har da wani akawu da a da ko kasuwar bayan gida ba ya zuwa sai a babur, kowa ka gani da safe yana murza feda. Sai dai yawancin kekunan nan ba su da lafiya. Wannan kacarsa ta yi tsatsa, wancan ba shi da birki sai dugadugan silifas. Shi ya sa ƙungiyar unguwa ta ce a yi amfani da dogon hutun nan a buɗe wurin da yara za su koyi gyara, mai keke kuma ya zo ya gyara abinsa da kayan aikinmu, ba ko sisi.

Litinin

Ni da ma'aji a Kasuwar Sabon Gari tun hantsi. Mun sayi sufanu masu lamba 8, 10, 13 da 15, filaya, sukundireba, guduma, famfo biyu, samfefa, gwangwanin giris, galan ɗin kananzir na wanke kaca, da sholisho na faci. Daron ruwa matata ce ta ba da aro, tare da gargaɗi.

Da yamma muka kafa faffaɗan katako a jikin bango, muka buga masa ƙusoshi, muka rataye kowane ƙarfe, sannan wani yaro mai iya zane ya bi gefen kowanne da fenti. In an ɗauki sufana, hotonta yana nan yana kallon kowa har ta dawo. Na kuma ja layi a littafi: suna, abin da aka ɗauka, sa hannun wanda ya karɓa.

Talata

Mun buɗe. Yara sun fi kayan aiki yawa, kekuna sun fi yara yawa, ihu ya fi komai. Na raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da keke ɗaya a kife, sirdi a ƙasa, ƙafafu a sama.

Tsallaken titi, a gindin darbejiya, Baba mai keke yana zaune a kan bencinsa. Tun ina yaro a nan na san shi, kuma shi ya yi wa keken mahaifina faci. Yini guda ban ga mutum ya tsaya a gabansa ba. Da la'asar na tsallaka na durƙusa na gaishe shi.

"Malam," ya ce, "an ce kun buɗe asibitin kekuna kyauta. Allah ya ba da lada. Mu kuma sai mu nemi faifan goro."

Yana murmushi ya faɗa, amma ba wasa yake yi ba.

Laraba

Taron kwamiti bayan isha'i ya yi zafi. Wasu suka ce aikin alheri muke yi, ba mu hana kowa neman abincinsa ba. Ni a ganina alherin da za a yi da tuwon dattijo ba namu ba ne da za mu raba. Mutumin nan ya jure shekarun da babur ɗin China ya cika gari aka daina kallon keke, ya jure zamanin acaɓa har aka hana ta ɗaukar fasinja a Kano a 2013, ya ga A Daidaita Sahu ta gaje ta. Yanzu da kasuwarsa ta fara motsi sai mu kafa masa kishiya a ƙofar ɗaki?

Abin da aka tsaya a kai: Baba shi ne malamin rumfa, ƙungiya za ta riƙa ba shi wani abu kowace safiya daga kuɗin karo-karo. Ba za mu sayar da ko noti ɗaya ba. Mai son tiyub ko robar birki ya tsallaka ya saya a wurinsa. Ba ma gyara wa kowa, mai keke shi zai riƙe sufana da hannunsa. Wanda ba shi da lokacin koyo, ga benci can gindin darbejiya, ya biya a yi masa. Da na kai masa saƙon bai ce komai ba sai, "To, a ce wa yaran kowa ya zo da tsumma."

Alhamis

Darasin faci. Na rubuta shi dalla-dalla don in manta littafi ya tuna.

Baba ya hana a zura sukundireba a ɓalle taya daga rim, domin bakinta yakan huda tiyub ya ƙara wani rami. Da wutsiyar cokali biyu ya yi, a hankali. Ya zaro tiyub, ya ba shi iska kaɗan, ya riƙa nutsa shi a daro taki-taki har kumfa ta fara tasowa siririya. Ya ɗora yatsa a wurin, ya tsame, ya goge da tsumma, ya kankare da samfefa har robar ta daina sheƙi. Ya laƙato sholisho da ɗan yatsa ya shafa sama-sama. Sai ya ajiye, ya ɗauko goronsa.

Wani yaro ya miƙo hannu zai manna facin. Baba ya buge hannun.

"Ina za ka, ɗan nan? Ɗanyen gam ba ya riƙo. Bari ya sha iska, sai ka taɓa ka ji bai bi yatsanka ba."

Nan ne yawancin yaran suka faɗi da aka ba su nasu. Ba wanda ya kasa gano rami, haƙurin jiran ne babu. Bayan an manna an danne, ya sa kowa ya zura yatsu ya shafa cikin taya zagaye guda. A keke na biyu aka ciro ƙaya, tsininta kawai ya leƙo. Da an mayar da tiyub a haka, kafin a kai kwana iska ta sake fita. Ya kuma nuna musu wani tiyub mai ramuka biyu kusa da juna, ya ce wannan ba ƙaya ba ce, rowar iska ce: mai keken ya hau taya a lanƙwashe, ya daki bakin kwalta, rim ya cije tiyub ɗin.

Juma'a

Rabin yini. Shara, wanke kaca da kananzir, sai masallaci. Baba ya hana malala baƙin mai a kaca yadda kowa ya saba. Ɗigo-ɗigo, sannan a goge abin da ya yi saura, in ba haka ba ƙura ta manne ta riƙa cin haƙoran.

Asabar

Ruwa ya sauko da safe kamar da bakin ƙwarya, rumfar kuma tana yoyo ta kusurwar gabas, sai muka takure wuri ɗaya. Ana cikin haka wani tsohon ma'aikacin reluwe ya turo Raleigh baƙi, mai birkin sanda da rufaffiyar kaca. Baba ya miƙe tsaye, abin da bai yi wa kowane keke ba tun da muka fara.

Ya tara yaran ya nuna musu tambarin tsuntsu mai dogon wuya a goshin keken, da sunan Nottingham, garin Ingila da kamfanin yake. Ya ce a zamaninsu saurayi mai Rali ba ya rasa amsar sallama a zance. Daga baya Phoenix na Shanghai da Hero na Indiya suka shigo da sauƙin kuɗi, yanzu kuma sai na gwanjo masu giya da ƙaramar taya, inci 26 maimakon 28. Ya sa wani yaro ya ƙirga wayoyin wili: 32 a gaba, 40 a baya, domin baya ke ɗaukar buhu da mai buhu. Kekunan yanzu galibi 36 ne gaba da baya.

Sufanunmu sababbi suka ƙi zama daidai a kan wasu notocin, domin awon tsohon Raleigh na inci ne irin na Ingila, namu kuwa na milimita. Baba ya aika aka ɗauko masa wata sufana a akwatinsa, baƙa wuluk, duk ta sha hannu. Ita ta kwance su. Ya ƙi yarda a rataye ta a katakonmu, ni ma ban ga laifinsa ba.

Lahadi

Ban yi tsammanin su ba, amma ga su: wani bawan Allah mai lalurar ƙafa a kan kekensa mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu, da ɗan garuwa da kurarsa. Kayan keken guragu duk na keke ne, kaca da wili da boris, walda ce kawai ta bambanta. Na mai lalurar ƙafar yana kuka duk juyi ɗaya. Da aka buɗe cibiyar wilin gaba, boris ɗin sun bushe ƙamas, biyu sun fashe. Mutumin ya sauko ya zauna a tabarma, ya karɓi sufana, ya ce a nuna masa kawai. Shi ya jera sababbin boris cikin giris ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure, Baba ya ce ya sassauta kaɗan har wilin ya juya ba ya girgiza ba ya cijewa. A cikin duk waɗanda suka zo, babu wanda ya saurara kamarsa. In keken nan ya tsaya, ba shi da fita ko nan da masallaci.

Talata

Gwangwanin sholisho ya yi ƙafa. Sufanu duk suna kan ƙusoshinsu, shi kaɗai ne babu. Kowa a Kano ya san abin da wasu samari ke yi da shi a tsumma, don haka ba maganar naira nawa ba ce. Ban tara yara na yi bincike ba. Na faɗa wa mai unguwa, shi kuma ya san gidajen da zai leƙa. Daga yau gam yana aljihun Baba, shi ke laƙata wa kowa a yatsa.

Wani abin dariya ya sauƙaƙa yinin. Ƙato guda, ɗan aji shida na sakandare, ya yi ta kokawa da fedar hagu har gumi ya jiƙa masa riga, yana ƙara ɗaure ta yana zaton kwancewa yake. Baba ya bar shi ya gaji tukuna, sannan ya ce masa zaren fedar hagu a juye yake, an yi shi haka ne don kada murzawa ta kwance ta a hanya.

Laraba

Miƙe wilin da ya karkace. Wannan kam ba ya shiga jadawali. Baba ya kafa ɗan alli kusa da rim ya juya wilin, inda allin ya taɓa nan ne ya kauce. Ya ɗaure wayar wancan gefe kwata, ya sassauta ta wannan gefe kwata, ya sake juyawa. Wani lokaci ko allin ba ya kallo, sai ya kaɗa wayoyin da farce yana saurare, wadda ta yi sako-sako muryarta daban. Yara da yawa sun gaji sun koma faci. Wata yarinya 'yar shekara goma sha wani abu, da ta rako ƙaninta da kekensa, ita ta tsaya har ƙarshe, har ta nuna wayar da ya tsallake. Ya dube ta ya ce, "'Yar nan, kunnenki ya fi na yayyenki." Na aika wa mahaifiyarta cewa in ta yarda, a bar ta ta riƙa zuwa da safe tare da ƙanin.

Asabar

Lissafi da ma'aji. Abin da ya fi cin kuɗi ba kayan aiki ba ne, su sau ɗaya aka saya. Giris ne da kananzir da samfefa, sai na Baba. In aka ci gaba a haka, asusun ba zai kai komawa makaranta ba. Ma'aji yana son a sa kuɗin shiga. Ni na fi son a ajiye gwangwani a bakin rumfa, mai hali ya jefa, domin yaran da suka fi buƙatar wurin su ne za su fara ɓacewa ranar da aka ce sai da kuɗi. Ba mu daidaita ba, an bar wa taron Laraba.

Abin da aka amince da shi: in an koma makaranta, rumfa za ta riƙa buɗewa Asabar da Lahadi kawai. Baba ya zaɓi yara biyu da za su riƙa zama da shi a gindin darbejiya bayan an tashi daga Islamiyya, ya ce aiki ya fara fin ƙarfinsa tun da mutanen da muke turawa sayen kaya suka gane hanya. Iyayensu za su je su gan shi gobe, yadda ake yi in za a ba da yaro koyon sana'a. Saura kwanon rufi ɗaya na kusurwar gabas, da daron matata da ta aiko a mayar mata.