Tsayin Mota a Ƙasar Laka

Mu Hausawan ƙauyukan Abu Hujar, kudu da Sinja a Jihar Sinnar ta Sudan, muna da wata al'ada wadda baƙo ba ya saurin lura da ita. In an kawo mota za a saya, lori ce ko ƙaramar a-kori-kura wadda mutanen ƙasar ke kira boksi, kafin a yaba fenti ko a saurari inji sai dattijo ya tattare riga ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinta. Tazarar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa yake aunawa, domin a yankinmu wannan tazara ita ke faɗin ko mota za ta ciyar da gida shekara cur, ko kuwa za ta kwanta da zarar hadari ya haɗo.

Ƙasar da muke takawa ita ta koya mana haka. Kakanninmu, waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 da waɗanda hanyar Makka ta ajiye, sun baro jigawa da jan-gargari suka sauka a kan baƙar laka ta bakin Shuɗin Nilu. Da rani takan bushe ta dare har ƙafar akuya ta zurma. Daga Yuni zuwa Oktoba kuwa sai ta sha ruwa ta kumbura ta koma kamar danƙo. Kwaltar da ta tashi daga Sinja zuwa Damazin tana da sauƙin bi, amma dawa da riɗi ba a bakin kwalta ake noma su ba. Da ka sauka ka nufi manyan gonakin Dali da Mazmum, tayoyin tarakta da na lori sun riga sun haƙa kwari biyu sun bar tudu a tsakiya kamar kunya. Gajeriyar mota in ta shiga, cikinta ne zai hau tudun, tayoyi su yi ta juyawa a banza.

A 'yan shekarun nan samarinmu sun fara sha'awar wani salo da suke gani a Facebook da TikTok, inda ake dusar da a-kori-kura har ta kusa shafar ƙasa. Salon yana da asalinsa da mutuncinsa a inda aka haife shi. 'Yan asalin Meziko mazauna Los Anjeles ne suka raya shi tun shekarun 1940, suna tafiya sannu a kan titi mai sulɓi don a gan su a san da su. Har doka Jihar Kaliforniya ta yi a 1958 ta hana kowane sashe na mota ya sauka ƙasa da bakin wili, ba a kuwa ɗage ta ba sai farkon 2024. Ado ne na mai kwalta har ƙofar gida, Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Bakanike da ya san aikinsa zai faɗa wa yaro abin da zai saya da kuɗinsa. Bayan irin waɗannan motoci a kan sifirin yake zaune, wato faifan ƙarfe da aka jera bisa juna. Mai son dusar da mota ko dai ya zare wasu daga cikin faifan, ko ya cusa ƙarfe tsakanin sifirin da gindin tayoyi. Kowanne ya yi, ya rage filin da motar ke lotsawa a ciki in ta faɗa rami. Ranar da aka ɗora mata buhunan dawa, kowanne kusan kilo 90, gangar jikin za ta zauna daram a kan ƙarfen tayoyin baya, duk dukan hanya ya riƙa shiga shasi kai tsaye. Daga nan sai sifirin ya karye, salansa ta tsinke, dutse ya huda tukunyar baƙin mai. Gaba kuma ya yi sama, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitila ta bar hanya ta koma haska sararin samaniya.

Abin da ya kamata samarin su sani shi ne sauya halittar mota ba baƙon abu ba ne a Sudan. Bedford TJ, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958, ta zo ƙasar nan ba ta san yashi ba, ba ta san laka ba. Maƙera a garuruwa irin su Shandi suka riƙa kwance ta, su ƙarfafa shasi, su ƙara faifan sifirin, su sa manyan tayoyi, su gina mata bodin ƙarfe, har ta riƙa ɗaukar abin da masu ƙera ta ba su taɓa rubuta mata ba. Direbobi suka raɗa mata suna Sifinja, sunan silifas ɗin roba, saboda laushin tafiyarta. Masanin nan Bajamushe Kurt Beck na Jami'ar Bayreuth ya yi nazari a kan wannan sana'a, Valerie Hänsch kuma ta yi fim a kanta a 2009. Waɗannan maƙera hanya suka duba da kaya, sannan suka yanke tsayi, ado ya biyo daga baya.

Sai dai tsayi ma yana da nasa sharrin, mun kuwa ga wannan a hanyoyinmu. Akwai mai mota da kwaɗayin lodi kan sa ya yi ta ƙara faifan sifirin har bodi ya yi tsororo, ya jera buhu sama da kan direba, fasinja su hau bisa. Nauyi in ya koma sama, ƙaramin karkata a gefen kwari ya isa ya kifar da mota da mutanen da ke kanta. In kuma ba kaya, taurin sifirin ya sa ta riƙa tsalle kamar ɗan maraƙi, birki ya ƙi kamawa. Akwai kuma abin da mutane da yawa ke mantawa: ƙarin sifirin bodi kawai yake ɗagawa. Tulun ƙarfen da ke tsakanin tayoyin baya, wanda shi ne mafi kusa da ƙasa, girman taya kaɗai ke ɗaga shi.

Saboda haka ƙa'idar da muka gada gajeriya ce. Ana auna tsayin mota tana ɗauke da kayanta na yau da kullum, a bar mata filin lotsawa, a tabbata gabanta da bayanta sun daidaita, mai nauyi ya kwanta a ƙasa mara nauyi a sama. Hanyar da ake tunawa wajen awon ita ce mafi muni da motar za ta bi a watan Agusta, ba kwaltar ranar kasuwa ba. Daidai ruwa daidai tsaki.

A ƙarshen Yunin 2024, lokacin da yaƙi ya shigo Sinja, damina ta riga ta sauka. Dubban mutane suka fita, wasu suka nufi Gadarif, wasu Damazin, da yawa ta hanyoyin daji, domin kwalta ta daina zama wurin aminci. A waɗannan kwanaki ba wanda ya tambayi kyan mota. Tsofaffi da masu jego da yara sun hau duk abin da zai iya ratsa taɓo, motar da ta maƙale kuwa mutanenta suka sauka suka ci gaba da ƙafa. Mota a wurinmu ita ce ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke kai amarya, ita ke fid da amfanin gona kafin ruwa ya lalata shi. Saurayin da ke son tasa ta yi kyau, ga fenti, ga madubai, ga rubutun hikima a bayan bodi, duk babu mai hana shi. Tazarar da ke ƙarƙashinta kuwa ya bar ta yadda hanya ta nema, domin ba shi kaɗai ke da haƙƙi a kanta ba.