Ziyarar Ticha zuwa Turin

A nan Kalpohin, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na wani dattijo mutumin Nandom, ɗan Katolika, wanda ya yi ritaya daga aikin koyarwa. Kowa Ticha yake ce masa. Mun fi shekara ashirin muna tare. Ran Sallah nama yana shiga gidansa, ran Kirsimeti shinkafa tana shigowa nawa.

A farkon 2015 ya zo ya same ni a bakin ƙofa, ya ce, "Alhaji, ni ma zan yi tawa ziyarar." Na ce ina? Ya ce Turin, a ƙasar Italiya. Wai akwai wani likkafani a babban cocin garin, wanda Kiristoci da yawa suka ɗauka a cikinsa aka naɗe Annabi Isa, kuma ba kullum ake fito da shi ba. An nuna shi a 1978, da 1998, da 2000, da 2010, a wannan shekara kuma za a nuna shi daga 19 ga Afrilu zuwa 24 ga Yuni. Ya ce in ya bari wannan ta wuce, bai san ko zai ga wata ba. Ya haɗa kuɗin fansho da na adashi, ya sayar da awakinsa, ya sauka Ankara neman biza.

To, ni Musulmi ne. Mun yi imani ba a gicciye Annabi Isa ba, shi ma Ticha ya san haka. Har na tsokane shi da abin da wani jikana ya karanta mini, cewa a 1988 masana a Ingila da Suwizalan da Amurka sun gwada ƙyallen, suka ce an saƙa shi ne tsakanin 1260 da 1390. Sai ya yi dariya, ya ce ai ya riga ni sani, kuma cocinsu ba ta tilasta wa kowa ya yarda ba. Shi dai yana so ya tsaya gabansa ya yi addu'a. Na yi shiru, don na tuna yadda na sha turmutsitsi a Makka don kawai in matsa kusa da Hajarul Aswad.

Amma akwai abin da yake cin raina. Ɗana na biyu ya bi ta Agadas da Libiya ya tsallaka teku a 2011. Kiransa na ƙarshe daga wani gari ne wai shi Bireshiya, daga nan shiru, shekara biyu. Uwarsa ta daina barci. Daren da Ticha zai tashi na kai masa hoton yaron, kunya ta hana ni cewa komai. Ya karɓa ya sa cikin littafin addu'arsa.

Da ya dawo ya ba mu labari. Layi mai tsawo, mutane daga ko'ina, ba a biyan ko kwabo, amma mintoci kaɗan ake ba kowane rukuni. Ƙyallen ya fi mita 4 tsawo, yana bayan gilashi, ga tabon gobarar 1532 a jikinsa. Siffar mutumin kuwa dishi-dishi take, sai ka natsu kafin ka ga fuska da hannuwa. Ya ce duk addu'o'in da ya shirya tun daga Tamale sun gudu daga kansa, sai hawaye.

Kashegari ya bar 'yan tafiyarsu ya hau jirgin ƙasa zuwa Bireshiya, dattijon da bai iya ko gaisuwa da Italiyanci ba. Ran Lahadi ya nemi cocin da 'yan Gana suke taruwa, ya bi mutane yana nuna hoto. Wani Ba'asante ya gane yaron, ya kai shi ɗakin da su shida suke kwana. Ashe ba shi da takardu, ba shi da tsayayyen aiki, kunyar kira hannu wofi ce ta rufe masa baki. Ticha ya ce bai yi masa faɗa ba. Ya dai miƙa masa waya, ya tsaya a kansa har ya kira uwarsa.

Hotuna biyu ya kawo mini tsaraba. Na likkafanin na duba, na yi godiya, na mayar masa. Ɗayan, shi da yaron a bakin tashar jirgi, yana ɗakin uwarsa.