Daga Madina zuwa Makka a kan iska

Asabar, Madina

Bayan la'asar na taka zuwa Anbariyya, inda tsohuwar tashar jirgin Hijaz take. Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na biyu ne ya sa aka shimfiɗo layin daga Dimashƙa, ya iso Madina a 1908, shekara uku kafin dogo ya iso Kano. Taragun wancan zamani a kan sifirin ƙarfe suke zaune, irin wanda nake koya wa ɗalibaina kwancewa da ɗaurawa. Ƙarfe taurinsa ɗaya ne. In an yi shi da ƙarfi don ya ɗauki kaya, ranar da babu kaya sai ya yi ta wujijjiga fasinja. In an yi shi da laushi, kaya na hawa sai ya durƙusa.

Da na koma masauki Inna ta ce, "Ɗan nan, bayana ba zai ɗauki zaman mota har Makka ba." Na ce, "Inna, jirgin ƙasa za mu hau." Na yanki tikiti a waya.

Lahadi, cikin jirgin Haramain

Mun ɗaura harami tun a masauki, muka yi niyya da jirgi ya zo daidai miƙati. An buɗe wannan layi a 2018, tsawonsa kimanin kilomita 450, ya bi ta Jidda. Kamfanin Talgo na ƙasar Sifen ne ya ƙera jiragen. Allon da ke cikin tarago ya yi ta hawa har ya kusa kilomita 300 a awa, amma shayin da ke kan ɗan teburin Inna bai fantsama ba. Ta yi talbiyya, ta ja carbi, barci ya ɗauke ta. Tafiyar da mota ke cinye wa mutum rabin yini muka yi ta cikin awa biyu da rabi. Ta sauka da ƙafarta, ta yi ɗawafi da sa'ayi a daren. Alhamdulillahi.

Na san abin da ya ɗauke mu. Jikin taragon bai zauna kai tsaye a kan ƙafafunsa ba. Tsakaninsu akwai jakunkunan roba masu kauri, an saƙa zaren nailan a cikin jikinsu, an ɗura musu iska. Duk girgizar da ta taso daga dogo sai ta bi ta cikin iskar nan kafin ta kai ga kujera, kuma mafi yawanta a nan take mutuwa.

Litinin, Makka

A ayarinmu akwai wani dattijo bakanike daga Ƙofar Ruwa, wanda ya tsufa a gyaran tirela. Bayan asuba muka zauna shan shayi. Ya ce, "Malam, ai balan-balan ɗin da ke ƙarƙashin tirelolin zamani ne aka sa wa jirgin, ko?" Na ce, "Shi ne, Alhaji, sai dai na jirgi ya fi girma." Ya ce to me ke hana tarago sunkuyawa in mutane sun cika shi?

Na zana masa a bayan takarda. Akwai ɗan bawul a jikin tarago, da siririyar sanda da ta haɗa shi da firam ɗin ƙafafu. Mutane na shiga, jiki na yin ƙasa kaɗan, sandar ta tura bawul, iska ta kwararo daga tankin da kwamfuresa ke cikawa har jikin ya koma inda yake. Suna sauka, bawul ya saki rarar iskar. Shi ya sa bakin ƙofa ke zama daidai da daɓen tasha, ko jirgi ya cika ko babu kowa. Mai keken guragu da tsohuwa mai sanda su suka fi kowa cin moriyar wannan.

Sannan iska tana ƙara tauri gwargwadon nauyin da ya danne ta, abin da ƙarfe ba ya iyawa. Masu ƙira sukan daidaita ta yadda jiki zai yi lilo kamar sau ɗaya a daƙiƙa, saurin da jikin ɗan Adam ya fi jurewa. Kuma sukan haɗa jakar da wani ƙaramin tanki, domin iska mai yawa ta fi laushi. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Allah mai hikima, Ya ba bawa."

Talata

Yau hutu muka yi, sai na ci gaba da rubutu. Yawancin taragun fasinja na duniya suna da ƙafa takwas a firam biyu, jakunkunan iska kuma a ƙasa suke, daidai ƙarƙashin daɓe. Jafan ta yi haka a jirginta na Shinkansen tun 1964. Talgo ta bi wata hanya. Taragunta gajeru ne, biyu-biyu suna tarayya a ƙafafu, kuma babu sandar da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu. Tun 1980 ta ɗaga jakunkunan sama kusa da rufi, a kan ginshiƙai biyu, sai jikin tarago ya zama a rataye yake kamar ƙwarya a ragaya. In jirgi ya shiga kwana, gindin tarago ya ɗan yi waje, samansa ya karkata ciki, fasinja ba ya jin ana tura shi gefe sosai. Babu injin da ke karkatar da shi, nauyinsa ne ke yin aikin.

Laraba, Mina

Mun je ziyara Arfa da Muzdalifa da Mina. Gadar jirgin Masha'ir tana sama da mu, shiru, domin lokacin aikin Hajji yake aiki. An buɗe shi a 2010, tsawonsa kimanin kilomita 18, kowane jirgi yana ɗaukar alhazai wajen 3,000 a tarago 12. Na yi lissafi: mutum 250 a tarago ɗaya, in kowa kilo 70 ne, tan 17 da rabi ke nan ke hawa cikin 'yan mintuna. A irin wannan wuri ne jakar iska ta fi nuna amfaninta, shi ya sa jiragen cikin birane suka rungume ta. Har birki ma yana amfana, domin matsin iskar da ke cikin jaka shi ke faɗa wa na'ura nauyin da tarago ya ɗauka, sai ta ƙara ko ta rage ƙarfin kamu.

Alhamis, hanyar Jidda

Mun sake hawa jirgin zuwa filin jirgin sama. Ta taga babu abin da ake gani sai duwatsu da rairayi, sai hankalina ya koma kan abin da ke kashe na'urar jakar iska. Zafi yana busar da roba har ta tsage. Ƙura tana toshe bawul. Ruwan da ke taruwa a tanki yana sa tsatsa, in ba a kula da mabushin iska ba. In jaka ta sace, tarago ba ya faɗuwa, domin akwai dunƙulen roba da ke tare shi, amma dole direba ya rage gudu har a kai wurin gyara. Alhaji ya ce, "Malam, duk wannan ai aikin ruwan sabulu ne da ido. Ka shafa, ka ga kumfa, ka ɗaure." Gaskiya ya faɗa, in dai an yi shi a kan kari.

Juma'a, Kano

Mun iso gida lafiya, Inna tana ta ba jikokinta labarin jirgin da ba ya girgiza. Ni kuwa ƙasarmu nake tunani. Layin Abuja zuwa Kaduna yana aiki tun 2016, kuma a 2021 aka aza harsashin na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi. Zafinmu da ƙurar hunturunmu ba su gaza na Hijaz ba. Duk taragon da za a kawo mana, daɗin zamansa zai dogara ne ga wanda ke duba roba da bawul kowace safiya.

Ina kira ga hukumomi da kwalejojin fasaha da su sa aikin iska da birkin jirgin ƙasa cikin manhaja tun yanzu, su jawo ƙwararrun bakanikenmu cikin horon, a kuma ajiye kayan gyara tare da taragun tun ranar da aka saya. Tsofaffinmu da marasa lafiya sun cancanci su yi tafiya ba tare da wahala ba. Allah Ya karɓi ibadarmu, Ya ba mu ikon kula da abin da muka samu.