Gidan Al'adu na Umaru Ganda: dandalin wasan kwaikwayo na birnin Yamai

Baƙon da ya sauka Yamai daga Maraɗi, Damagaram ko Tawa, in yana son ganin wasan kwaikwayo, ba sai ya sha wahalar tambaya ba. Ya ce wa mai taksi "CCOG", za a aje shi kusa da kasuwar Wadata, a bakin ƙofar Gidan Al'adu na Umaru Ganda.

Mai sunan, an haife shi a Yamai cikin shekara ta 1935. Ya yi soja a rundunar Faransa, ya je yaƙin Indoshin, sannan ya yi aikin ƙarfi a Abijan, inda Jean Rouch ya sa shi cikin fim ɗinsa na "Moi, un Noir". Da ya komo gida sai ya shiga shirya finafinai da kansa, "Cabascabo" na daga cikinsu. A 1972 "Le Wazzou polygame" ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, kuma shi ne mutum na farko da aka ba ta. Allah ya yi masa rasuwa ran 1 ga Janairun 1981, aka raɗa wa gidan sunansa.

Babban dandalin gidan a sarari yake, ba rufi, da mazauni hawa-hawa mai ɗaukar dubban ƴan kallo. Don haka sai rana ta yi sanyi ake fara wasa. Mai hikima yakan iso da wuri ya kama wuri kusa da dandali, domin wasan Hausa da na Zabarma a baki armashinsa yake: habaici, karin magana da zambo, wanda ya zauna nesa rabinsu ya wuce shi. Cikin hunturu ya riƙo mayafi. Da damina kuwa ya dubi gabas kafin ya fito. Akwai kuma ɗakin karatu ga mai zuwa da rana.

Irin wasan da su Yazi Dogo suka ɗaukaka ya saba faɗa wa mai kuɗi, ma'aikaci da maigida gaskiyar da ba a iya faɗa musu ido da ido. Yau talabijin da wayar hannu sun janye jama'a da dama, alhali ɗan wasa da kuɗin ƙofa yake ci da iyalinsa. Baƙon da ya yanki tikiti ya zauna, ya taimaka wajen raya sana'ar da dandali kaɗai ke koyar da ita.