Rawanin da Ya Dawo

A shekarar da rikicin sarauta ya raba gidanmu biyu, har baffannina suka daina gaisawa, na ci karo da tarihin Mael Sechnaill, babban sarkin ƙasar Ayilan. Shi ne ya murƙushe mayaƙan Vikings na Dublin a yaƙin Tara a 980. Zuriyarsa ta Ui Neill reshe biyu ce, na arewa da na kudu, suna karɓa-karɓar mulki cikin zaman doya da manja. Da Brian Boru, sarkin Munster, ya taso masa a 1002, 'yan'uwansa na arewa suka naɗe hannu, dole ya yi mubaya'a. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga.

Shekara 12 ya yi ƙarƙashin wanda ya raba shi da karagarsa. Da aka kashe Brian a Clontarf a 1014, ya koma mulki har mutuwarsa a 1022. Amma daga kansa karɓa-karɓar ta ƙare.

Na ba babban baffana wannan labari. Ya jima shiru, sannan ya ce, "Ɗana, rawani kan dawo. Zumunci fa?"