Daga Ƙato Bayan Ƙato Zuwa Daliget Huɗu

Mutum huɗu ne suka yi magana da yawun ƙaramar hukumar Jibiya lokacin da manyan jam'iyyun Najeriya biyu suka tsayar da 'yan takarar shugaban ƙasa a 2022: uku a APC, ɗaya tilo a PDP. Mazaɓu 11 gare ta, daga Gurbin Ɓaure har Bugaje, ga Magama inda shingen kwastam yake. Ga kuma ɗimbin matasan da suka shafe watanni suna ƙona data a Facebook da WhatsApp, wannan na cewa sai Tinubu, wancan na rantsuwa sai Atiku, wani na kare Osinbajo ko Wike kamar ɗan ɗakinsu. Da aka zo gaban akwati, babu ko ɗayansu a layi.

Sashe na 84(8) na Dokar Zaɓe ta 2022 ne ya jawo haka. Ya ce zaɓaɓɓun daliget kaɗai za su kaɗa ƙuri'a, sai ga shi gwamnoni da 'yan majalisa da sauran waɗanda a da muƙaminsu ke ba su kujera an bar su a waje. Majalisa ta yi saurin gyara sashen a watan Mayu, Shugaba Buhari bai sa hannu ba. Daliget suka yi ƙaranci, farashinsu ya hau.

Dattawan garin sun ga wani salon daban. A Disambar 1978, da NPN ta taru a Legas ta fifita Shehu Shagari a kan Maitama Sule da Adamu Ciroma, Katsina na cikin jihar Kaduna, labari kuwa sai ta akwatin rediyo, ko Gaskiya Ta Fi Kwabo in ta iso. Ba a musu kan wa za a tsayar. Sai an tsayar ake jin suna, sannan gardama ta tashi a majalisa bayan la'asar.

Shekarar da ta fi zama a bakin tsofaffin 'yan siyasa ita ce 1992. Gwamnatin Janar Babangida ce ta ƙirƙiri jam'iyyu biyu, SDP da NRC, ta gina musu ofisoshi iri ɗaya a hedikwatocin ƙananan hukumomi, ta ce duk mai katin jam'iyya ya fito da kansa ya zaɓi gwaninsa. Ƙato bayan ƙato ke nan: a ɗaga hoton ɗan takara, magoya baya su jeru a rana, a bi su ana ƙirgawa da ƙarfi kowa na ji. Ga mutumin wannan yanki, abin ya zo da daɗi biyu, domin wanda ke kan gaba a SDP ɗan gida ne, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, wanda ya samu ƙuri'u har cikin ƙasar Yarabawa. A NRC kuma Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi ke kankankan. Mai ɗaukar kaya a tasha da alhajin da yake yi wa dako, kowannensu kai ɗaya ne a lissafi.

Kada dai son da ya sa mu manta aibunsa. Layi ba ya rufa asiri. Mai unguwa na kallonka, ubangidanka na kallonka, surukinka ma yana gefe, kuma wanda ya ba ka na goro da asuba yana tsaye ya ga bayan wa ka jeru. Kuɗi sun yi aiki ƙwarai a wancan zaɓe, har suka zama hujjar da Babangida ya riƙe ya soke shi a Oktoban 1992, daga baya ya haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa. Amma a ganina akwai tazara tsakanin ɓarnar da dole ta bi hannun dubban mutane da wadda ke ƙarewa a ɗakin otal ɗaya. Mai sayen layi dole ya zo garinku, ya ji ƙorafinku ko da bai so ba. Tsarin Option A4 da ya biyo baya ma daga mazaɓa ya faro, ya hau ƙaramar hukuma da jiha, har ya kai ga Abiola a Jos da Bashir Tofa a Fatakwal a Maris 1993.

Daga 1999 daliget suka zama sarakai. Su suka ba Obasanjo tuta a Jos, su suka ba Umaru Musa 'Yar'aduwa a Abuja a Disambar 2006, su suka ba Buhari ƙuri'a 3,430 a Legas a Disambar 2014, Kwankwaso na biye da 974, Atiku da 954. A waɗannan shekaru Bakatsine bai cika tambayar yadda aka yi ba, tunda sau biyu namu ne ya fito.

Namun ne kuma, Buhari, ya rufe boda a Agustan 2019. A Nuwamba aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, Jibiya kuwa tsundum take cikin wannan zobe. Garin da ke ci da zirga-zirgar Maraɗi ta Dan Isa, direbobi da 'yan dako da 'yan canjin sefa da masu abinci a bakin hanya, ya yi tsit. A Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, aka tsallake Jibiya. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya saboda 'yan bindiga, mai son kira sai ya nufi Katsina ko ya laluɓi layin Nijar. Boda ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022, makonni biyar kafin zaɓen fidda gwanin PDP.

To da waya ta dawo, me aka yi musu a kai? Mulki ya koma Kudu ko ya tsaya Arewa, shekarun wane, lafiyar wane, wa Baba Buhari zai ɗaga wa hannu. Batun iyaka da mai da tsaron hanyar Katsina, in an taɓo shi, a gefe ne. Ba laifin yaran ba ne kacokan. Sojojin baka na intanet daga birane ake ɗora musu waƙa, su kuma su amsa. Wanda ma aikinsa ya taɓa garin kai tsaye, Rotimi Amaechi, ministan da aka ƙaddamar da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya a zamaninsa a Fabrairun 2021, aka kuma naɗa shi Ɗan Amanar Daura, ƙuri'a 316 ya tashi da ita a zaɓen fidda gwanin APC, Tinubu na da 1,271. Fom ɗin APC naira miliyan 100 ne, na PDP miliyan 40. A PDP Tambuwal ya janye wa Atiku a dandalin taro, Atiku ya tashi da 371, Wike 237. Jaridu sun cika da labarin dalolin da ake raba wa daliget, jami'an EFCC suka bayyana a wajen taron, Mohammed Hayatu-Deen ya fice daga takarar yana kukan kuɗi sun mamaye ta.

Mutanen tsallake su ma suna bin wannan lissafi, domin abin da ya taɓa naira ya taɓa kasuwar Maraɗi. Ai a Janairun 2019 gwamnonin Maraɗi da Damagaram har Kano suka zo taron Buhari, 'yan adawa suka yi ta ɓaɓatu.

Tinubu, wanda daliget ɗin APC suka tsayar a Yunin 2022, ya hau mulki ranar 29 ga Mayun 2023, a ranar ya ce tallafin mai ya tafi. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum a Yamai, ECOWAS ƙarƙashin jagorancin Tinubu ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake garƙame Magama, tireloli suka yi dogon layi da kaya na lalacewa a cikinsu. Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024.