Daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa: Yadda tsofaffin motoci ke jure zafi

Wanda ya tashi daga Ƙanƙara ya nufi kudu zai faɗa Sheme, cikin ƙaramar hukumar Faskari, inda hanya ta haɗu da titin Funtuwa zuwa Gusau. Daga nan sai ya bi ta Funtuwa da Dandume kafin ya isa Sabuwa, kan iyaka da Birnin Gwari. Ƙasar noma ce, ta masara da dawa da waken suya da auduga. Cikin motocin da ke kai wannan amfani kasuwa har yau akan ci karo da tsohuwar akori-kura, irin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975.

Babban abokin gabar irin wannan mota shi ne zafi. A watan Afrilu zafin rana yakan kai maki 40, ga buhuna har sama, ga ramukan da ke hana gudu. Kuma saboda matsalar tsaro a yankin, ba direban da ke son ya buɗe bonet a tsakiyar daji yana jiran inji ya huce.

'Yan makaranta, ga kimiyyar abin. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin fetur da inji ya ƙona yana zama zafin da ruwa zai kwashe. Famfon ruwa yana tura ruwan ya zagaya cikin inji, ya wuce zuwa lagireto, inda yake ratsa siraran bututu iska tana fifita shi, sannan ya koma. Idan mota tana gudu, iskar hanya ta wadatar. Idan tana rarrafe da kaya, fanka ce kaɗai madogara, ita kuwa fankar tsohuwar mota fambel ke juya ta. Ya saki ko ya tsinke, famfon ma ya tsaya.

Shi ya sa gwanin bakanike yake sake tsara abin. Yakan sa lagireto mai layukan bututu da yawa, ya ƙara fankar lantarki, ya wanke tsatsa da dattin da ruwan rijiya ke bari. Murfin lagireto ma yana da nasa aikin: ruwa a tukunya yana tafasa a maki 100, amma murfin da ke riƙe matsi yakan ɗaga wannan zuwa wajen 120. Murfi ya lalace, ruwa ya tafasa da wuri, gasket ya ƙone.

Akwai dabarun da ke jawo asara. Wasu sukan zuba garin kwaki don toshe yoyo, sai ya toshe bututun da ruwa ke bi. Wasu sukan buɗe murfi inji yana da zafi, ruwa ya yi tsartuwa ya sale musu hannu da fuska.

In kun je tasha a Ƙanƙara ko Sabuwa da sassafe, ku lura da direban da ke duba ruwa, yana latsa tiyo, yana taɓa fambel tun inji yana sanyi. Ku gaishe shi, ku ce, "Baba, me kake dubawa?" Darasin zafi da matsi da kuke rubutawa a aji, shi da hannunsa yake yin sa kullum.